Talabijin Ɗin Baya

Shafi na 23

To, masu cika min waya da saƙo tun kafin in wanke ido, ga shi nan na kawo. Ke kuma da kika rubuta wai tsufa ya sa na manta inda labarin ya tsaya, ki sani ban taɓa zama a aji ba ko na yini guda, amma babu dokin da na hau cikin shekara talatin da ba zan faɗa miki launinsa da garin da aka yi ba. Gwiwa ce ta kumbura ta kwantar da ni. Gwiwar nan sau uku ana ɗora ta, biyu daga cikin masu ɗorin sun mutu sun bar ni. Ku gyara zama.

Ranar Juma'a ce, bayan an ci abincin rana, lokacin da kaf garin Sauce yake kwance har karnuka. Tsohuwar bas ɗin Evaristo Vallejos tana fake a inuwar itatuwan turare, bayan filin hawan ɗanyun dawaki. Shekara goma sha shida ke nan ita ce gidansu shi da matarsa Zulema: kicin da teburi a gaba, gado a baya, ƙofar falanki mai turawa a tsakani. Duk inda ake bikin hawa suna can, suna sayar da chipá mai zafi, wato ɗan burodin rogo da cuku, da ruwan mate, shayin mutanen yankin.

Evaristo ya kara kunne a jikin ƙofar. Fanka kawai ke juyi. Ya koma gaba a hankali yana dafe da haƙarƙari, ya zura hannu bayan gwangwanin ganyen mate, ya zaro ɗan filashin bidiyon da mai ɗaukar hoton biki ya ba shi.

Kun san abin da ke kan Evaristo. Shekara goma sha biyu da suka wuce doki ya miƙe tsaye a turke ya faɗo da baya a kan ɗansu tilo, Fabián. Ya rasu ya bar musu yarinya 'yar shekara bakwai, Araceli, suka raine ta a cikin motar nan har ta tafi birnin Corrientes karatun jinya. A bakin kabarin, gaban mutane, Zulema ta faɗa wa mijinta magana ɗaya, ko murya ba ta ɗaga ba: ranar da ya sake ɗora ƙafa a kan doki, ranar za ta sauka daga motar ta tafi garin Goya wurin ƙanwarta, kuma kada ya biyo ta. Zulema ba ta maimaita magana. Shekara goma sha biyu ya riƙe. Sai mako uku da suka wuce, tana kwance a asibiti saboda kumburin ƙafa, aka kira tsofaffin mahaya a wani biki, shi kuma da shekara sittin da bakwai a wuya ya hau. Haƙarƙari biyu ya karya. Da ta dawo ya ce mata daga rufin mota ya zamo, yana juya farantin kama tashoshi.

Ya soka filashin a jikin dikoda, ya rage muryar talabijin ɗin gaba har ta mutu, kamar yadda yake yi kullum. Wurin hawansa a cikin hoton ya sani da ka, ba sai ya nema ba.

Ga akawal ɗin nan, baƙin doki, ɗaure a turke, an rufe masa ido da tsumma, jikinsa sai ɓari yake. Ga wani tsoho mai jar hula ya kama igiyar fatar da ke wuyan dokin ya haye, babu sirdi babu linzami. Aka zare tsumma, aka saki. Dokin ya tashi sama ya dunƙule, ya dira da ƙafa huɗu, ya sake tashi. Tsohon yana nan daram, hannu ɗaya a sama, dugadugai suna aiki. Daƙiƙa takwas ake nema. Mai ƙararrawa ya ɗaga hannu ya buga.

Nan Evaristo ya danna rimot ya mayar baya.

Ni ina wurin ranar, da idona na gani. A zamanina na fi shi zama a kan doki, shi ma ya sani, amma hawan nan hawa ne, ba zan rage masa komai ba.

Ya kalla ya mayar. Ya kalla ya mayar. Yanzu ko daɗin ma ya daina ji. Kwanakin farko gabansa kan buga, amma kallon ya koma kamar maganin da ake sha bayan abinci, in bai yi ba ya kasa kwanciya, in ya yi kuma babu abin da ya ƙaru. Ya gaji da ɓoyo. Ya gaji da numfashi rabi-rabi don kada ta ji nishinsa. Ya gaji da hanya, da hayaƙin tanda, da kwance rumfa ran Litinin a sake kafa ta ran Alhamis a wani gari. Mutumin cikin talabijin ɗin ne kaɗai bai gaji ba, shi ya sa yake son ganinsa.

Abin da bai kawo a ransa ba shi ne aikin ranar Talata.

Tunda ƙafa ta hana Zulema zaman benci, ta daina fitowa gaba kallon wasan kwaikwayonta na yamma. Akwai ƙaramin talabijin a baya wanda ƙanwarta ta ba ta, amma faranti ɗaya ne, dikoda ɗaya. Sai aka kira Hilario mai gyaran rediyo, tsohon abokinsu, wanda duniya ke kira Gwame saboda ƙafafunsa. Ya zo da wata 'yar baƙar na'ura da ba ta fi gwangwanin kifi ba, rami ɗaya a wannan gefe, biyu a wancan. Ya ja waya mita goma ta ƙarƙashin kabad, ta bayan tankin ruwa, ya huda falanki ya fito da ita daidai ƙafar gado. Da yake kunnen Zulema ya yi nauyi, ya haɗa mata har da abin sawa a kunne, don ta ƙure murya son ranta ba ta dami kowa ba.

Yana aiki yana bayani. Ya ce abin nan ba shi da wayo ko na sisi, duk abin da ya fito daga dikoda shi zai raba biyu, na gaba ya samu na baya ya samu, ba ya zaɓe. Ya ce rimot ɗin dikoda daga gaba kaɗai yake kamawa, don haka wanda ke baya sai dai ya kalli abin da na gaba ya ga dama. Evaristo na tsaye a kansa yana cewa ya sani, ya sani, shi da ya ja wa motar nan wuta da hannunsa tun Gwame yana gyaran cocila. Gwame ya ce ai shi ya sa da an kunna fanka sai firji ya suma. Suka yi dariya, Evaristo ya dafe gefensa. A ransa ya riga ya yanke cewa abin da ya sauko daga sama ta faranti shi ake rabawa. Abin da mutum ya soka da hannunsa a gaba, nasa ne shi kaɗai.

Yana kan kallo na bakwai aka ƙwanƙwasa gilashi. Mai gadin filin ne, wai goɗiyarsa tana ɗingishi, ko dattijo Evaristo zai taimaka ya duba, tunda kaf yankin babu wanda ya kai shi sanin ƙafar doki. An taɓo inda yake so. Ya ajiye rimot a teburi ya sauka da niyyar minti biyar. Ya ɗaga kofato, ya ƙwaƙulo tsakuwa, ya zauna ya ba da labarin wata goɗiya da ya taɓa warkarwa a hayin kogi bayan likitan dabbobi ya ce a harbe ta. Sai da ya fi rabin awa.

Da ya dawo hoton ya ƙare, fuskar talabijin ta koma shuɗiya. Ya yi sauri ya zare filashin ya jefa aljihu. Juyowar da zai yi ya ga ƙofar falanki a buɗe.

Zulema na zaune a bakin gado, ƙafafunta a ƙasa, abin kunnen rataye a wuyanta. Talabijin ɗin da ke ƙafar gadon shi ma shuɗi, irin na gaba sak.

"Mayar da shi," ta ce.

"Me zan mayar, tsohuwa?"

"Abin da ka sa a aljihu."

Ya dubi na gaba, ya dubi na baya. Ya bi baƙar wayar da ido tun daga dikoda har inda ta shige ƙarƙashin kabad. Ya zauna a benci.

"Tun yaushe?"

"Laraba. Na kunna in ga ko za a yi ruwa, sai ga mijina a kan doki. Ranar sau tara ka hau. Jiya na yi barci a na goma sha huɗu, na farka kana hawa."

Ya fara da Gwame. Ya ce Gwame ya cuce shi, ba haka suka yi da shi ba, abin sama kaɗai ya kamata ya raba, kuma gobe sai ya zo ya kwance tarkacensa. Ta ce bawan Allahn nan ya faɗa masa da baki, ita da kunnenta ya mutu ma ta ji daga kan gado, shi ne dai ya hana kansa ji yana koya wa mai gyara yadda ake jan waya.

"Rufin mota," ta ce tana kallon tafin hannunta. "Sati biyu ina tasowa da ƙafar da ba ta ɗaukata ina shafa maka man zafi. Har farantin nan na tsine wa."

Ya so a ce ta yi ihu, ta jefe shi da kofi, da ya san yadda zai yi da wannan. Amma muryarta irin ta wanda ya yi doguwar tafiya ce ya iso ya tarar da ƙofa a kulle.

Sai ya gaya mata yadda aka yi, a hankali, idonsa a ƙasa. Mai sanarwa ya kira tsofaffin mahaya ɗaya bayan ɗaya ya tsallake sunansa. Mai waƙa da jita ya jefa baiti, wai akwai wani tsohon damisa a bayan fili da aka ɗaura wa zanin kicin yana toya chipá. Fili ya ɗauki dariya. Samarin da ba a ma haifa ba lokacin da yake karya dawaki suna juyowa suna nuna rumfarsa. Ya ce bai san lokacin da ya ajiye tire ya shiga mota ya fito ba.

"Daƙiƙa takwas ne kawai, Zulema."

"Na Fabián biyu ne."

Fanka ta yi ta juyi. Can waje goɗiyar mai gadi ta yi atishawa.

Ta ce kwana uku tana jira ya turo ƙofa ya faɗa da bakinsa. Da ya faɗa, ita kanta ba ta san abin da za ta yi ba, wataƙila da ta ce tsufa ya sa ta manta abin da ta faɗa a maƙabarta, don ita ma ta gaji, kuma gidan ƙanwarta ɗaki biyu ne da jikoki shida da kare. Amma kullum sai ta ga inuwar ƙafarsa ta ƙasan ƙofa, ya zo ya kara kunne ya koma, kamar ɓarawo a gidan da ya gina da hannunsa.

Ya ce ya ji tsoro ne. Ta ce ta sani, shekara arba'in da huɗu tana zaune da mutumin da ba ya tsoron doki sai magana.

"Ka ce ka shiga mota ka fito. Me ka shiga ɗauka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na buɗe durowar ƙarƙashin gado. Tsumman yana nan a naɗe, ashe ka iya naɗi. Ina ƙaimin ɗana da ke ciki?"

Ya ce nasa sun yi tsatsa tun tuni, shi ya sa. Ya ce a fili suka ɓata lokacin da aka ɗauke shi, ya aika an duba washegari ba a gani ba, amma duk wanda ya tsinta zai kawo, tunda akwai sunan marigayin a jiki.

"Ba su ɓata ba."

Ya ɗago kai.

"Evaristo, ka taɓa kallon abin nan har ƙarshe?"

"Na san ƙarshensa. Ga shi nan a jikina."

"Ka taɓa buɗe muryar?"

"Ta yaya, kina barci?"

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka tabbatar wa abin da ta riga ta sani. Ta ce shi mai rimot, daƙiƙa takwas kaɗai ya taɓa gani, su ma na bebe. Ita da ba ta da iko da komai, tun Laraba take jin mai sanarwa a cikin kunnenta yana cewa yau gidan Vallejos sau biyu zai hau. Ta ɗauka shi ne zai sake hawa, ta ce a ranta lallai haukan ya kai. Sai yau da ya fita, babu mai mayarwa, abin ya ci gaba da tafiyarsa.

"Soka shi. Ka kai shi wurin, ka buɗe murya, ka miƙo min rimot ɗin."

Ya ce ai ba ya kamawa daga baya. Ta ce ta sani, shi ya sa take so.

Ya ce to ta taho gaba su kalla tare, zai jera mata matasai a benci. Ta ce a'a, ta saba da nata. Ta ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya da hannu ta mayar kan gado, ta bar ƙofar a buɗe.

Karo na farko ke nan da ya ji abin. Hayaniyar fili, jita, haniniya, da muryar mai sanarwa tana kiran sunansa tana jan shi, sannan ta ce jama'a su rage tafi, don yau gidan Vallejos sau biyu zai hau. Aka saki akawal. Aka buga ƙararrawa. Babban yatsansa ya danna iska.

Masu ɗauke mahayi su biyu sun makara. Dokin ya juya ya watsar da shi. Wanda ya faɗo bai yi kama da wanda ke kan dokin ba ko kaɗan. Wani ɗan tsoho ne mai sanƙo, ya faɗi kamar buhun da aka jefo daga mota, ko fuska bai kare ba. Jar hular can gefe. Mutane suka yo kansa, amma wani siririn mahayi mai baƙar malafa ya riga kowa, ya durƙusa ya tallafe masa kai. Evaristo ya tuna wani hannu mai sanyi a goshinsa ranar, da wata murya tana cewa Kaka, Kaka. Ya ɗauka ruɗin faɗuwa ne.

Da aka zo cicciɓarsa a sa a bayan a-kori-kura, siririn ya sunkuya ya kwance masa ƙaimin don kada ya yanki masu ɗauka. Ya bi motar taku uku. Da ya ji tsohon ya fara zagin masu ɗaukarsa, alamar da sauran rai, sai ya tsaya yana kallon ƙarfen da ke hannunsa.

Wasu samari biyu suka hau suka faɗi. Sai mai hoto ya juya wajen turke na biyu. Siririn yana zaune a ƙasa yana ɗaura ƙaimin a takalmansa. Ya cire malafa zai gyara, dogon kitso ɗaya ya zubo har gadon baya.

Mai sanarwa ya ce, "Araceli Vallejos, 'yar marigayi Fabián, jikar dattijon da kuka gani yanzu. Hawanta na biyar ke nan a bana."

Evaristo ya matso kusa da talabijin. Sai yanzu ya gane. Mako uku duk rumfar da ya kafa mutane na zuwa suna dafa kafaɗarsa suna cewa gidan Vallejos ya yi abin faɗa, gidan Vallejos bai mutu ba, shi kuma yana gyara hula yana cewa ai ƙaramin aiki ne. Mu duka mun ɗauka ya sani. Ni kaina na faɗa masa hakan a bakin tandarsa, ya ba ni chipá biyu kyauta. Wa zai ce mutum bai san jikarsa ta hau doki a filin da ya hau ba?

An ba ta wani doki bidi mai faɗin ƙirji. Ta kama igiya, ta sauke kafaɗar hagu kaɗan, irin yadda ubanta ke yi, irin yadda shi ya koya wa uban a bayan gidan gona tun yana ɗan shekara tara. Aka saki. Bidin ya yi tsalle uku a wuri ɗaya ya karkata dama, ta bi shi. Ya yi ƙasa da kai, ta kwanta baya. Ƙarfen Fabián yana walƙiya a dugaduganta.

Gwiwoyin Evaristo suka matse benci. Bai san bakinsa na motsi ba. Riƙe, 'yata. Kada ki dubi kansa. Riƙe.

Ƙararrawa ta buga tana sama. Masu ɗauka suka zo a kan lokaci suka sure ta, ta dira da ƙafafunta ta ɗaga malafa.

Tafin hannun Evaristo ya sauka a kan teburi, har cokula suka yi tsalle.

Mai sanarwa yana cewa yarinyar ta samu shiga babban hawan garin Mercedes, inda za a kawo dawakan hayin kogi, ya faɗi rana da wata. Evaristo ya dubi kalandar da ke maƙale jikin firji. Lahadin nan ce. Jibi.

Hoton ya ci gaba da wasu mahayan da babu wanda ya damu da su. Daga baya muryar Zulema ta taho.

"Na ji."

"Me kika ji?"

"Teburin."

Ya ce hannunsa ne ya zame. Ta ce haka ya zame a jikin shinge ranar da Fabián ya fara hawa, tana tsaye kusa da shi, ba ta manta ƙarar ba. Ta ce ƙaryar rufin mota za ta iya haɗiyewa, ta haɗiye waɗanda suka fi ta girma. Amma yau ya ga jikarsa a kan abin da ya kashe ubanta, da ƙarfen ubanta a ƙafa, abin da ya zo masa shi ne ya buga teburi.

Ya tashi ya zo bakin ƙofar ya tsaya, bai shiga ba. Idonsa ya kawo ruwa, kuma shi kansa bai san na wanne ba ne.

"Ta iya, Zulema. Allah ya sani ta iya."

"Shi ma ya iya."

Ya ce bari ya kira ta. Ta nuna masa wayar da ke kan bargo, ta ce sau uku ta kira lokacin da yake waje, a kashe take. Tun ranar Litinin yarinyar ta ce musu tana da aikin ɗakin marasa lafiya har ƙarshen mako, kada su neme ta. Zulema ta ce har addu'a ta yi mata, ta ce Allah ya ba ta haƙuri da majinyata. Ta yi wata gajeriyar dariya da ba ta kai fuska ba, ta ce ashe gidan nan ita kaɗai ce ba ta iya naɗe tsumma ba.

Ta miƙa masa rimot ɗin.

"Tayar da motar."

Ya ce gobe ne bikin Sauce, ga ƙullin chipá an riga an kwaɓa, cuku kilo huɗu a ciki. Ta ce ya ba mai goɗiya.

Ya ajiye rimot ɗin. Ya fita cikin ranar nan ya kwance rumfa shi kaɗai, sanda ɗaya ya huta, sanda ɗaya ya huta. Ya naɗe igiyoyi, ya ɗaure tanda, ya kai wa mai gadi kwanon ƙullin. Mutumin ya tambaye shi lafiya, ya ce lafiya. Ya dawo ya zare duwatsun da ke ƙarƙashin tayoyi, ya hau ya zauna a kujerar direba yana haki, hannu biyu a kan sitiyari.

A bakin garin Sauce hanya biyu ce. Ya san inda kowacce ta nufa, ita ma ta sani. Bai juya ba, ta madubi ya dubi ƙofar falankin.

"Ina muka nufa, tsohuwa?"

Muryarta ta taho daga kan gado.

"Mercedes."

Ya sauke numfashi har haƙarƙarin ya soke shi. Ya murɗa makulli, injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ya ce in sun je me zai ce mata, shi da ta gani da idonta a kan akawal, da wane baki zai ce ta sauko.

"Wannan kai ya dama. Kai ka kai mata ƙaimin har fili, kai za ka kwance su."

Ya ce to. Ya sa giya.

"Evaristo."

"Na'am."

"Kafin ka ja, sauko min da akwatina daga saman kabad. Daga Mercedes ma akwai motar Goya."